Murhun bango a ƙasar sanyi: insat na itace, felet, gas ko lantarki, sannan tukunyar tururi tana da amfani kuwa?

Wannan na 'yan uwa ne da ke zaune Amurka, Kanada ko Ingila da suka samu gida mai murhun bango, wato ramin nan da ke jikin bangon falo mai bututun hayaƙi har saman rufi. Sanyi ya shigo, bil ɗin hita yana neman kai mutum ƙasa, sai kaji an ce ai ga murhu nan zaune a banza bari mu riƙa hura wuta, toh daga nan kuma shawara ta fara yawa, wannan yace ka sayi insat na itace, wato akwatin wuta da ake cusawa cikin ramin murhun, wancan yace na gas ya fi, wata Hajiya kuma tace ita dai tukunyar ƙarfe ta ɗora tana tururi don kar iskar gida ta bushe kuma gidanta lafiya lau. Kowa da gaskiyarsa amma ba gida ɗaya suke magana a kai ba.

Abu na farko da ya kamata a sani, murhun bango a buɗe kwalliya ce kawai. Yawanci kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne ke tsayawa a ɗaki, sauran duk ya bi bututu ya tafi sama. Abin da ya fi haka muni shine wutar tana zuƙar iskar cikin gida, wadda ka riga ka biya kuɗi hita ta ɗumama, ta tura ta waje, sai iska mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga ta maye gurbinta. Shi yasa zaka ga falo da ɗumi gaban wuta amma ɗakunan kwana sun ƙara sanyi. Insat kuwa akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi da ake cusawa cikin wannan ramin a rufe gefe da gefe, a haɗa shi da bututun ƙarfe da ke bi ta cikin tsohon bututun, iskar da yake sha kaɗan ce kuma da yawansu suna da fanka da ke huro zafin cikin ɗaki.

Abubuwan da zan auna kowanne da su: kuɗin saye da na sakawa, kuɗin abin da yake ci, yawan zafin da yake bayarwa, wahalar kula da shi kullum, daɗewarsa, haɗarinsa, sai kuma ko yana aiki in an ɗauke wuta. Wannan na ƙarshen mutanenmu suna raina shi saboda ana ganin ai Turai da Amurka ba'a ɗauke wuta, amma waɗanda ke Texas a watan Fabrairun 2021 sun ga abin da ya faru, miliyoyin gidaje ba lantarki kwana da kwanaki cikin ƙanƙara. Kuɗin da zan ambata na Amurka ne kuma kintace ne na kasuwa, yana hawa yana sauka daga jiha zuwa jiha.

Insat na itace

Shine wanda ya fi kowanne zafi na gaske in ka samu mai kyau. Na zamani suna riƙe kashi 65 zuwa 80 na zafin, kaga tsakaninsa da buɗaɗɗen murhu ba ma a haɗawa. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ta tsaurara doka tun watan Mayun 2020, sabon murhun itace ba zai wuce giram 2 zuwa 2.5 na ƙurar hayaƙi a awa ba, don haka in zaka saya ka duba takardar EPA a jikinsa, kar wani ya sayar maka da tsohon akwati na shekara talatin da ya cire daga gidansa don yana arha. Kuɗinsa da bututun ƙarfe da aikin sakawa yakan kama daga dala 3,000 zuwa 6,000, kuma bututun nan ba abin da za'a ce a bari sai baɗi bane, in aka tura insat cikin rami ba bututu hayaƙin yana yin sanyi a cikin faffaɗan tsohon bututun ya daskare ya zama wata baƙar kunkunniya mai kama da kwalta, ita ce ke kamawa da wuta ta ƙona rufin gida.

Wahalarsa itace. Dole ya bushe, danshin cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 20, kuma wannan yana nufin a faskara shi a jera shi wata shida zuwa shekara, mai tauri irin oak ma har shekara biyu. Akwai ɗan ƙaramin mita na gwada danshin itace da bai wuce dala 20 ko 30 ba, ka saya, domin mai sayar da itace kowa nasa busasshe ne a baki. A Amurka da Kanada da kod ake auna shi, tari mai ƙafa 4 a faɗi, 4 a tsayi, 8 a tsawo, toh ka tambayi kanka ina zaka ajiye tari biyu ko uku na wannan, kuma waye zai riƙa fita cikin dusar ƙanƙara yana ɗebowa. In amsar ita ce madam da yara, gara a zauna a yi shawara tukun. Ga kwasar toka, wadda sai a bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye waje nesa da bango don garwashi yana iya kwana biyu uku a cikinta da ransa. Ga mai share bututu sau ɗaya a shekara. Kuma banda katako mai fenti ko wanda aka yi wa magani, banda kwali da leda.

Sai doka. A Ingila garuruwa da yawa, har da kusan duk Landan, yankin hana hayaƙi ne, abin da ya samo asali tun daga hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952 aka yi dokar tsaftar iska ta 1956. A irin wannan yanki sai murhun da DEFRA, ma'aikatar muhalli ta ƙasar, ta amince da shi zaka ƙona itace a ciki, tun 2021 an hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri shi yasa kake ganin tambarin Ready to Burn a jikin buhu, kuma tun Janairun 2022 sabon murhu sai ya cika ƙa'idar Ecodesign ta rage hayaƙi. Aikin sakawa ka nemi mai rajista da HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu saka murhu, ya baka takarda. A Montreal tun Oktoban 2018 an hana amfani da murhun da ya wuce giram 2.5 na ƙurar hayaƙi a awa. A sauran Kanada kamfanonin inshora da yawa sai sun ga takardar binciken WETT, wato shaidar ƙwararre ya duba murhun itacen. A yankin San Francisco akwai ranakun da ake hana ƙona itace gaba ɗaya in iska ta ɓaci. Duk inda kake ka gaya wa inshorarka kafin ka saka, kar ranar tsautsayi su ce basu san zancen ba.

Daɗewa kam yana daɗewa, shekara 15 zuwa 20 ko fiye, igiyar bakin ƙofa da tubalin ciki ne ake canzawa. Kuma in an ɗauke wuta fanka ce kawai zata tsaya, shi yana nan yana ci.

Insat na felet

Felet wasu 'yan ƙananan dunƙule ne na garin katako da aka matse, suna zuwa a buhu mai fam 40, kusan kilo 18, buhu 50 ne tan ɗaya. Zaka juye a rumbun da ke saman injin, shi kuma yana sauko da su kaɗan kaɗan cikin wuta da kansa, kai dai ka saita yawan ɗumin da kake so. Riƙon zafinsa kashi 70 zuwa 85, hayaƙi kaɗan, toka kaɗan, kuma a tsananin sanyi wajen buhu ɗaya yake ci a rana. Kuɗinsa kusan ɗaya da na itace, dala 3,000 zuwa 6,000 da sakawa.

Matsalarsa inji ne. Akwai moto, akwai fanka biyu, akwai abin kunna wuta, akwai allon lantarki, kowanne yana iya mutuwa kuma gyaran sai wanda ya iya. Yana da 'yar ƙara da wasu basa jurewa a falo. Kaskon da wutar ke ci a ciki sai ana kankarewa duk bayan 'yan kwanaki. Felet ɗin in ya jiƙe ya zama gari shikenan an yi asara, saboda haka sai gareji ko ɗaki busasshe. Babbar illarsa kuma in lantarki ya ɗauke ya mutu nan take, wani lokacin ma hayaƙin da ya rage ya dawo ɗaki tunda fankar da ke tura shi waje ta tsaya, sai dai in ka haɗa masa batir ko janareta.

Insat na gas

Wannan na wanda baya son wahala ne, danna rimot wuta ta tashi. Wanda ake so shine mai bututu biyu, ɗaya yana jawo iska daga waje ɗaya yana mayar da hayaƙi waje, gilashin a rufe ruf, iskar ɗaki bata haɗuwa da wutar sam. Riƙon zafinsa wajen kashi 70 zuwa 80. Kuɗi dala 3,500 zuwa 7,000, in kuma babu layin gas kusa da murhun jawo shi wani kuɗin ne daban. Ba toka, ba itace, sabis sau ɗaya a shekara, yana kai shekara 15 zuwa 20. Da yawansu suna kunnuwa da batir ko suna da 'yar wutar da bata mutuwa, saboda haka ko ba lantarki zai baka ɗumi, amma ka tambaya kafin ka biya, ba duka bane.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Gilashinsa yana zafin da zai sale tafin hannun yaro cikin daƙiƙa, kuma yana daɗewa da zafin bayan an kashe. Tun Janairun 2015 sababbi a Amurka da Kanada suna zuwa da raga a gaba, kar a cire ta don wai tana ɓata kyau. Na biyu akwai wani iri marar bututu da ke sakin komai cikin ɗaki, ya fi arha kuma masu sayarwa zasu ce maka yana ma ƙara danshi, eh gaskiya ne ƙona gas yana fitar da tururin ruwa, amma ba ruwan kaɗai yake fitarwa ba. California ta hana shi. Ni dai ba zan sa shi a gidan da yara ke kwana ba.

Insat na lantarki

Hita ce mai hoton wuta, magana ta gaskiya kenan. A Amurka wat 1,500 yake ja, a Ingila har kilowat 2, daidai da 'yar hitar da ake saya a kanti. Zai ɗumama ɗaki ɗaya madaidaici, ba zai ɗumama gida ba. Dala 200 zuwa 1,500, ka tura shi cikin ramin ka toshe bututun sama ka jona a soket, ba hayaƙi ba izini, in zaka tashi ka ɗauki abinka. A Ingila kuɗin lantarki ya kusa ninka na gas sau huɗu a kan zafi iri ɗaya, don haka in ka bar shi yini a kunne bil zai gaya maka. Kar a jona shi a wayar ƙari, kai tsaye a bango.

| | Itace | Felet | Gas | Lantarki |
|---|---|---|---|---|
| Saye da sakawa, dala | 3,000–6,000 | 3,000–6,000 | 3,500–7,000 | 200–1,500 |
| Zafi | mai yawa sosai | mai yawa, a daidaice | matsakaici zuwa mai yawa | ɗaki ɗaya |
| Aikin kullum | da yawa | matsakaici | kusan babu | babu |
| Daɗewa | shekara 15–20 ko fiye | ya danganta da gyaran inji | shekara 15–20 | ƙasa da sauran |
| In ba lantarki | yana aiki | baya aiki | yawanci yana aiki | baya aiki |
| Babban haɗari | gobarar bututu, toka | hayaƙi in wuta ta ɗauke | zafin gilashi, yoyon gas | soket ya ɗau zafi |
| Wurin ɗora tukunya | in ya fito waje | yawanci babu | babu | babu |

Duk wanda ka zaɓa cikin ukun farko, na'urar gargaɗin kabon monoksaid, iskar nan mai guba da wuta ke fitarwa, dole ce, kusa da murhun da kusa da ɗakin kwana. A Ingila ma doka ce in an saka sabon murhu. Iskar nan bata da wari bata da launi, ciwon kai da jiri da barci ne kawai, ita ce dai take kashe mutane a gida in an shiga ɗaki da kaskon gawayi an rufe ƙofa lokacin sanyi, kuma a Texas ɗin nan ta kashe mutanen da suka shigar da gawayi da janareta cikin gida. Saboda haka gawayi ko na turaren wuta ne kar ya kwana a ɗaki rufe.

Sannan kafin ka je shago ka tabbatar wane irin murhu gare ka. Wasu gidajen Amurka ba na bulo bane, akwatin ƙarfe ne na kamfani aka rufe da katako, ba kowane insat na itace ake yarda a saka masa ba. Mai duba bututu ne zai gaya maka, shi zai kuma auna faɗi da tsayi da zurfin ramin.

Yanzu maganar tururi

Kowa ya san hunturu, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, yara suna haɓo, toh haka cikin gida yake zama a Minnesota ta Amurka ko Alberta ta Kanada a watan Janairu. Mutane suna ɗora laifin kan wuta wai ita ke busar da iska, amma asalin abin shine iska mai tsananin sanyi ruwan da take ɗauka kaɗan ne, in ta shigo gida aka ɗumama ta sai danshinta ya faɗi ƙasa warwas. Kaga kenan buɗaɗɗen murhu da ke ta zuƙo iskar waje shine babban mai busar da gida, kuma ranar da ka saka insat ka riga ka rage matsalar tun kafin ka sayi wata tukunya. EPA tana cewa danshin cikin gida ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50. Mitar gwada shi dala 10 ce ko ƙasa, ka fara sayenta ka ajiye a falo sati guda.

Tukunyar tururi ta ƙarfen zubi, wadda ake ɗorawa kan murhu, tana cin lita 2 zuwa 3, kuɗinta dala 30 zuwa 80, bata cin lantarki bata ƙara, kuma tana da kyau a ido, wasu har ɓawon lemo da kirfa da kanumfari suke jefawa gidan ya ɗau ƙamshi. Amma ka lura da layin ƙarshe na teburin can. Insat da yawa a shafe suke da bango, babu inda zaka ɗora komai, sai irin wanda ya turo kai waje yana da ɗan dandamali a sama. Ko wannan ɗin ma saboda rigar iska da ke kewaye da shi samansa bai cika zafin da zai tafasa ruwa ba, sai dai ya riƙa tururi a hankali. Mutum zai sayi tukunya mai tsada ya zo gida ya rasa inda zai ajiye ta. In ma ta samu wuri, abin da zata fitar a yini lita kaɗan ne, yana taimakon falon da take ciki amma ba zai kai ɗakunan sama ba. Marar fenti tana tsatsa, mai rufin tangaran ta fi amma in ta ƙone ƙurmus ka zuba mata ruwan sanyi rufin yana fashewa. Ruwan cikinta ba na shayi bane. Kuma in akwai mai rarrafe ko mai koyon tafiya a gidan, tukunyar ruwan zafi a daidai tsayin hannunsa ba abin wasa bane. Tsohuwar tukunyar silba daga kicin ma aikin ɗaya zata yi, kyau ne kawai bambancin.

Injin danshi na lantarki shine mai aikin gaske. Mai fanka da tsumman tace ruwa, manyansa suna fitar da lita 10 ko fiye a rana, dala 50 zuwa 200, sai dai canza tsumman lokaci lokaci da 'yar ƙarar fanka. Mai fitar da hazo mai sanyi shiru yake kuma yana da arha, amma in ruwan famfonku mai gishiri gishiri ne zaka ga farar ƙura a kan talabijin da tebur, kuma in ba'a wanke shi akai akai ƙwayoyin cuta yake fesawa a ɗakin. In gidan yana da hita mai hura iska ta bututu akwai wanda ake haɗawa a jikinta ya wadaci gida duka, 'yan ɗaruruwan daloli da sakawa, shi sau ɗaya ake wahalarsa.

'Yan Ingila ku kam ku dakata. Yawancin gidajenku matsalarsu danshi ne ya yi yawa, tagogi suna zufa da safe, baƙar fumfuna a kusurwar bango da bayan wadrob, ga shanya a cikin ɗaki ga girkin miya na awa biyu. Ƙara tururi a irin wannan gida neman ciwon ƙirji ne ga yara. Ko a Kanada ma in ka ga ruwa yana taruwa a gilashin taga, ka rage, ya wuce abin da gidan zai ɗauka.

Toh wa ya dace da wanne

In gidanka ne, kana bayan gari ko inda itace ke da arha, kana da wurin ajiya da ƙarfin ɗauka, kuma guguwa takan ɗauke muku wuta, na itace zaka saya, ka zaɓi wanda ya turo kai waje in kana son ɗora tukunya. In kana son zafi mai yawa amma aiki baya barinka zaman gadin wuta, kuma akwai mai gyara da mai sayar da felet kusa da kai, felet ya yi, ka haɗa da batir. In kai da madam duk kuna fita aiki, ko akwai tsoho a gidan, ko mai asma, kuma layin gas yana nan, na gas mai bututu biyu ya fi muku kwanciyar hankali. In haya kake, ko ɗalibi ne kai, ko shekara biyu zaka yi ka koma gida, kar ka zuba dubban daloli a bangon wani, na lantarki ya ishe ka, kuma ko shi ka sanar da mai gidan kafin ka toshe bututu. Wanda kuma ba shi da kuɗin ko ɗaya bana, ya rufe marfin bututun duk lokacin da wuta ta mutu gaba ɗaya, ko ya sa abin toshe bututu na dala 30 zuwa 50 ya daina hura wutar kawai, wannan ma zai gani a bil.

Bangaren danshi kuma, mita ta nuna ƙasa da 30 kuma falo ɗaya ne damuwarka kana da insat mai dandamali, tukunya ta isa. Ƙasa da 30 a ɗakunan kwana, yara suna haɓo, injin mai fanka zaka saya ka ajiye a sama. Ta nuna 40 zuwa 50, ka bar kuɗinka a aljihu. Ta wuce 60, injin tsotse danshi kake buƙata da buɗe taga bayan girki da wanka.